Tsohuwar Kuka da Ɗan Kasko

Ranar da Goggo ta zo mana daga Mani, ta tarar da ni a tsakar gida, na tsuguna gaban wani ɗan kasko da almakashi a hannu. 'Yar kuka ce a ciki, shekararta shida a wurina, tsayinta bai kai kamu ɗaya ba. Na yi mata gyara iya iyawata: rassan ƙasa dogaye, na sama gajeru, kan ya tafi ya tsuke kamar hular dara da aka matse. Goggo ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ɗan nan, wannan icce mi ne ne?" Na ce, "Kuka ce, Goggo. Hana ta girma na yi." Ta girgiza kai. "Ganyen dai na kuka ne. Amma ina ka taɓa ganin kuka da tsini a ka? In ka zo gida ka je bakin gonar Malam, Allah ya jiƙansa, ka ga yadda kuka take."

Goggo ba ta taɓa jin kalmar bonsai ba, amma ta sa yatsa a kan babban kuskuren da yawancin masu fara wannan sana'a ke yi a ƙasarmu. Ni kuka na shuka, amma siffar da na ɗora mata ta wata bishiya ce da ke kan duwatsun Japan, wadda a bidiyon YouTube kaɗai na santa.

Bonsai kalmar Japananci ce, ma'anarta shuka a cikin faranti ko kasko. Ba wani iri ne na daban ba, ba kuma allura ake yi wa bishiyar ba, kamar yadda wasu ke zato. Bishiya ce kamar kowace; in ka cire ta daga kaskon ka dasa a gona, za ta miƙe ta zama abin da Allah ya halicce ta ta zama. Abin da ke riƙe ta ƙarama shi ne ƙuncin mazubi, da rage saiwa lokaci zuwa lokaci, da datse toho. Asalin abin daga ƙasar Sin ne, inda ake kiransa penjing, kuma akwai zanen bango a kabarin wani ɗan sarki na daular Tang, na shekarar 706, da ke nuna bayi ɗauke da irin waɗannan shuke-shuke. Daga can ya tsallaka Japan, su kuma suka tace shi suka kafa masa ƙa'idoji. A Washinton akwai wata bishiyar pain da ake renonta a kasko tun 1625. Tana gidan masu ita a Hiroshima, kimanin kilomita 3 daga inda bom ya faɗa a 1945, ta tsira, kuma mai ita, Masaru Yamaki, ya ba Amurka ita kyauta a 1976. Shekara ɗari huɗu ke nan hannu na miƙa wa hannu, ba a yi sakacin da zai kashe ta ba.

Sai dai ƙanƙanta ba ita ce manufa ba. Da ita ce, da duk dashen da aka manta a leda ya tsumbure ya zama bonsai. Abin da ake nema shi ne mutum ya dubi abu mai tsayin kamu ɗaya, zuciyarsa ta ce masa wannan tsohuwar bishiya ce da yake hange daga nesa. John Naka, Ba'amurke ɗan asalin Japan da ya rasu a 2004, wanda ya koyar da ɗimbin mutane wannan aiki, an san shi da jan kunnen ɗalibansa cewa kada su tilasta wa bishiya ta yi kama da bonsai, su sa bonsai ya yi kama da bishiya. To wace bishiya? Nan ne maganar take.

Siffofin da ake gani a hotuna, mai miƙewa sak, mai karkata, mai zubowa ƙasa daga bakin kasko, mai rassa duk gefe guda, ba wanda ya zauna ya ƙirƙiro su daga ka. Kwaikwayo ne na abin da mutanen Japan suka gani a duwatsunsu. Rassan da ke sunkuyawa ƙasa, nauyin dusar ƙanƙara ne ya danne su shekara da shekaru. Mai zubowa ƙasa a tsagin dutse ta tsiro, ba ta da wajen zuwa sai ƙasa. Mai rassa gefe guda iskar teku ce ta kashe mata ɗaya gefen. Farin busasshen itacen nan da ke murɗe da jikin bishiyar, wanda suke kira jin in reshe ne, shari in a gangar jiki ne, tsawa da sanyi ne suka kashe shi, kuma ya ƙi ruɓewa saboda itacen na da ƙaro, wurin kuma ga sanyi ga bushewa. Haka abin yake a tsaunukan Kalifoniya, inda wata bishiya da ake wa laƙabi da Methuselah ta haura shekara 4,800. Masu bincike sun lura cewa waɗanda suka fi daɗewa a can su ne na wuri mafi tsanani, inda ƙasa ba ta da albarka, kuma da yawansu jikin duk ya mutu sai ɗan zirin ɓawo guda da ke kai ruwa ga reshe ɗaya. Ruwa ba ya tsami banza. Kowace lanƙwasa a jikin tsohuwar bishiya akwai abin da ya jawo ta, kuma ido na gane ta gaskiya da ta ƙarya ko da mai idon bai iya faɗin dalili ba. Abin da idon Goggo ya gane ke nan.

Akwai alamomin tsufa da duk bishiyoyin duniya suka yi tarayya a kansu, kuma su ne mai bonsai ke ƙoƙarin tarawa a wuri guda. Ƙaramar bishiya sama take nufa. Kan tsironta na sauko da wani sinadari da ke danne tohon gefe, shi ya sa take tafiya siririya mai tsini. In ta manyanta, ɗaga ruwa zuwa can ƙololuwa ya yi wuya, sai kan ya rasa wannan iko, rassan gefe su samu sarari, saman ya baje ya yi kamar laima ko kwando. Saboda haka tsini alamar ƙuruciya ce, ni kuwa shi na ɗora wa kukar da nake so ta yi kama da tsohuwa. Gindi kuma yana faɗi, saiwoyi su fito fili su kama ƙasa kamar yatsun kaza, domin iska na girgiza bishiyar tana ƙara nama a inda nauyi ke sauka, ruwa da iska kuma na kwashe ƙasar da ke rufe su. Rassan ƙasa su yi kauri su sunkuya saboda nauyinsu. Sannan reshe ya rabu biyu, kowane ya sake rabuwa biyu, har a kai ga ƙananan tsinke masu yawa. Wannan rarrabuwa ce ma ke rage girman ganye a kasko: ruwan da saiwa ke kawowa bai ƙaru ba, amma bakunan da za su sha sun ninka. Fure da 'ya'ya kam ba sa ƙanƙancewa, don haka wanda ya sa mangwaro a kasko zai ga ɗa ɗaya ya rinjayi uwar.

Da damina ta wuce na je Mani, na nemi kukar bakin gonar. Na san ta tun ina yaro, amma ban taɓa tsayawa na dube ta ba. Gangar jikin ba ta tsuke a hankali yadda littattafan Japan ke so ba. Ta tashi da kaurinta kamar rumbu har sama, sannan kwatsam ta watse. Rassan gajeru ne, masu kauri, kowane ƙarshensa ya dunƙule kamar hannun da aka naushe, daga kan dunƙulen kuma siraran tsirrai sun fito tsaye cunkus. Daga ƙasa zuwa daidai ƙirjin mutum ɓawon ya bambanta da na sama, ya yi santsi, da wani kumburi da ya kewaye shi kamar ɗamara. A gefe guda ga ramuka a jere suna hawa sama.

Wani dattijo da ke ɗaure kara a gonar kusa ya ga na daɗe ina kewaya ta, ya matso muka gaisa. Na ce, "Baba, mi ya sa rassanta suka dunƙule haka?" Ya dube ni kamar na tambaye shi dalilin da ya sa rana ke fitowa gabas. "Malam, ai sara ne. Duk kaka sai an hau an sassabe ta don miya. Inda aka sare bara nan za ta tofo, nan kuma za a sare baɗi." Ɗamarar, in ji shi, wurin da aka riƙa ɓare ɓawo ne ana tufka igiya, ta warke ta mayar. Ramukan kuwa gurbin turakun da ake kafawa ne a taka a hau.

A nan na fahimci abin da ya raba tsofaffin itatuwanmu da nasu. Nasu dusar ƙanƙara da tsawa suka sassaƙa su, a inda ɗan Adam ba ya zuwa. Namu mutane da dabbobi ne suka sassaƙa su. Abin da muke kira itacen daji a ƙasar Katsina da Daura, mafi yawansa a gona yake ko a kufai ko a bakin burtali, kuma tarihin mutanen wurin na rubuce a jikinsa. Gawo makiyayi ne ke datse masa rassa da rani don dabbobi, domin shi ne mai ganye lokacin da kowa ya zubar, ya kuma zubar da nasa da damina. Maɗaci da marke ka ga gefensu a ɗaye, masu magani sun yi sassaƙe. Aduwa da magarya da ke kan hanyar awaki ba sa samun tashi; duk tohon da ya leƙo a cinye shi, sai su dunƙule a ƙasa su yi gindi mai kauri da rassa cunkus, su shekara da yawa ba su wuce gwiwa ba. Akuya, ba da saninta ba, tana yin daidai abin da mai almakashi ke yi. Tsamiya kuwa sau da yawa a kan suri za ka same ta, saiwoyinta sun rungume tudun. Cediyar ƙofar gida ta sauko da jijiyoyi daga rassa, wasu sun kai ƙasa sun zama ginshiƙai, gindin ya yi sulɓi saboda jinginar masu hira.

Ko mataccen itace ma namu daban yake. Farin reshen da ke burge mutane a hotuna ba ya zama a nan, gara da damina ba za su bar shi ba. Kuka ma ba itace ne da ita na kirki ba, jikinta kamar soso yake, cike da ruwa. In reshe ya mutu ruɓewa yake ya faɗi. Abin da tsufa ke bar wa itatuwanmu shi ne kogo da tabo. Wanda ya fere reshen kuka ya shafa masa farin magani don ya yi kama da na Japan ya yi wa bishiyar ƙarya, kuma zai iya jawo mata ruɓa. In ana son busasshen reshe mai daɗewa, sai a nemi irin su ƙirya, wadda taurinta ya sa ake sassaƙa turmi da ita, maƙera kuma ke son gawayinta.

Ba mu ne farkon waɗanda suka ci karo da wannan ba. Masu bonsai na Afirka ta Kudu sun daɗe da gane cewa ƙa'idojin Japan ba su dace da dajinsu ba, suka fitar da salon kansu: akwai salon kuka, akwai mai shimfiɗaɗɗen kai irin na itatuwan ƙaya, wanda suka sa wa sunan wani mai zane ɗan ƙasar, Pierneef, saboda yawan zana irinsu da ya yi, akwai kuma wanda suka kwaikwayo daga wani tsohon ɓaure na Pretoria da rassansa suka taɓa ƙasa suka yi saiwa. In su sun yi, ban ga abin da zai hana a samu salon kukar miya mai dunƙulallun rassa ba, ko salon tsamiyar suri. Mu da ƙananan hukumominmu ma sunan itace suke amsawa, Rimi da Ɓaure da Mai'aduwa, ga unguwar 'Yar'aduwa a cikin birnin Katsina, bai kamata a ce sai mun aro siffar bishiya daga wata nahiya ba.

Yanzu ga inda abin ke da haɗari, kuma a nan nake so a saurare ni da kyau. Duk wanda idonsa ya buɗe ya fara ganin kyan waɗannan tsumburarrun itatuwa, abu na farko da zuciyarsa za ta raya masa shi ne ya ɗauko diga. Me zai sa ya jira shekara ashirin alhali ga wadda awaki suka gama yi wa aiki? Japanawa na da suna ga wannan, yamadori, wato ɗebowa daga dutse. Sun yi shi sosai a kan wani itace da suke kira shimpaku, daga tsaunukan tsibirin Shikoku har zuwa yankin Itoigawa, mutane na ɗaura igiya suna sauka a jikin dutse, wasu ma sun rasa rayukansu. Ƙarshenta itacen ya kusan ƙarewa a wuraren da aka san shi da su.

Ni ma na yi, sau ɗaya. Wata aduwa ce a gefen wani fako, kaurin gindinta ya kai damtsena, tsayinta bai kai gwiwa ba, ɓawon duk ya tsattsage. Na yi rabin yini ina haƙa, na tarar saiwa ɗaya ce tak ta nutse ƙasa kamar turke, babu ko ƙananan jijiyoyi a kusa. Na sare ta na kawo gida. Ta yi sati uku da ɗanyen ganye, tana cin abin da ta tara a jiki, sannan ta bushe. Wataƙila ta girme ni. Har yau in na bi ta wurin sai na dubi ramin.

Dalilin mutuwarta shi ne dalilin rayuwarta a wurin tun farko. Itacen da ke jure wata bakwai ko takwas ba ruwan sama, ƙarfinsa na can ƙasa. Jijiyoyin da ke shan ruwa sirara ne kamar gashi, kuma suna can ƙarshen saiwa, wani lokaci a zurfin rijiya. Abin da ke kusa da gindi bututu ne kawai. A kan dutsen Japan saiwa kan taru a ɗan aljihun ƙasa, a ɗauke ta gaba ɗaya; a jigawarmu ba haka ba ne. Don haka mafi yawan abin da za a haƙo mutuwa zai yi, wanda aka bari a wurin kuwa yana riƙe ƙasa, yana ciyar da dabba. Maƙwabtanmu na Maraɗi sun nuna darajar irin waɗannan kututturai. Tun farkon shekarun 1980 manoma a can suka koma barin tohon da ke fitowa daga tsofaffin saiwoyi a gona, su zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi su gyara, maimakon sassabe su duka. Da wannan dabara aka maido da itatuwa a fili mai faɗin kusan hekta miliyan 5 a Nijar. Tsumburarriyar bishiyar da mai bonsai ke kwaɗayi, babbar bishiya ce da ke jiran a ɗaga mata ƙafa. Malamanmu ma suna kawo hadisin da ke cikin Abu Dawud mai tsoratarwa a kan sare magaryar da matafiya da dabbobi ke fakewa a inuwarta.

Inda na yarda a ɗauka shi ne inda bishiyar ba ta da sauran kwana: filin da za a yi gini, hanyar da katafila za ta bi, ko 'yan cediya da durumi da tsuntsaye ke shukawa a tsagin katanga da bakin indararo, waɗanda mai gida zai tumɓuke ko ba kai. Waɗannan na ƙarshe ma sun fi kowa dacewa, domin sun saba da ƙunci tun suna ƙanana, kuma dangin ɓaure ba su da wuyar kamawa. Kowa ya san reshen cediya in aka kafa shi da damina zama yake. Akwai kuma dabarar masu lambu: ka zaɓi reshe mai kyan lanƙwasa a jikin tsohuwar bishiya, da izinin mai ita, ka ɓare ɓawon a kewaye kamar zobe, ka ɗaure wurin da jiƙaƙƙiyar ƙasa a leda. In ya yi saiwa ka yanke ka dasa. Ka samu tsohon ɓawo, uwar kuma tana nan tsaye.

Sauran kuwa daga iri ne, da haƙuri. Tsamiya da bagaruwa ganyensu ƙanana ne tun asali, sun rage maka rabin aiki. Gamji, duk da kwarjininsa, ganyensa ya yi faɗi da yawa ga ɗan kasko. Irin kuka sai an jiƙa shi a ruwan zafi ko an ɗan kankare ɓawon kafin ya tsiro, kuma ƙaramarta na yin saiwa kamar rogo, wadda za a rage a hankali, a bar yankan ya bushe kafin a mayar. In ta zubar da ganye da hunturu a janye mata ruwa. Masu kashe kuka a kasko da yawan ban ruwa suke kashe ta. Ƙasar kuma kada ta zama laka. Tsakuwar rafi da farfasasshen jan bulo da ɗan gawayi da ruɓaɓɓen taki sun isa, kaskon kuma masu ginin tukwane za su yi maka shi da huda a ƙasa. Da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kasko marar zurfi kan bushe kafin azahar, sai an sa shi inda rana ba ta dukansa da tsaka. Ana naɗa wa reshe waya don a karkata shi, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma a nan wayar na ɗaukar zafi, kuma da damina reshe na kumbura da sauri ta nutse a ciki ta bar tabo. Na fi son hanyar mutanen kudancin Sin: a bar reshe ya yi tsawo ya yi kauri, a datse, a bar wanda ya tofo ta inda ake so, a sake datsewa. Wannan ce ke ba da karyayyun gaɓoɓi irin na itatuwanmu, don kusan abin da gatari ke yi musu ke nan.

Abin da ke damuna shi ne malaman da za a koya daga gare su suna raguwa. A 2018 wani ayarin masu bincike ƙarƙashin Adrian Patrut ya bayyana cewa 9 daga cikin kukoki 13 mafi tsufa a Afirka sun mutu, ko kuma mafi tsufan sassansu sun rushe, cikin shekara 12. Ɗaya daga ciki, a Zimbabuwe, ta kai kimanin shekara 2,450. Waɗannan a kudancin nahiyar suke. Namu kuwa ba sai an yi bincike ba, buhunan gawayi da ke jere a bakin titi sun isa shaida, ga kuma dazuzzuka irin Rugu da rashin tsaro ya hana mai kallon itace shiga. Da can tsoron iskoki ya tsare kuka da tsamiya da yawa daga gatari. Yanzu tsoron ya ragu, ba a kuma maye gurbinsa da wani abu ba. Ka duba gonakin da ke tsakanin Katsina da Daura, za ka ga manyan kukoki jefi-jefi, amma da wuya ka ga matashiya mai tasowa, domin awaki da garma ba sa barin ta kai ko'ina.

Binciken nan ya nuna wani abu da ya yi mini amfani kai tsaye: yawancin manyan kukoki ba jiki ɗaya ba ne, jikkuna ne da dama da suka tashi a kewaye suka manne, suka bar fili a tsaka, wanda mu muke gani kamar kogo. Da na koma na dubi ta bakin gonar Malam, sai ga layukan haɗin a fili, guda huɗu, daga ƙasa har sama.

Da na dawo gida na sare tsinin nan gaba ɗaya, na datse kowane reshe ya koma tsawon yatsa biyu, kuma duk kaka a nan nake sake datsewa. Ƙarshen rassan sun fara dunƙulewa. A wani kaskon kuma na shuka iri huɗu a kewaye, na ɗaure su da tsumma daga ƙasa. Bana damina ta uku ke nan, biyu sun riga sun manne.